Tsamiyar Garkida: Me Za Mu Faɗa wa 'Ya'yanmu?

Karatu: Joshuwa 4:1-9 da 19-24, 2 Sarakuna 18:1-6

Gaisuwa ta musamman ga 'yan'uwa na Muchalla da ƙauyukan da ke gindin duwatsu wajen iyakar Kamaru, gama daga wurinsu ne tambayarmu ta yau ta fito.

Wata uwa cikin zumuntar mata ta aiko mana da saƙo. Ta ce matan majami'arsu suna tara kuɗin mota domin su kai ziyara Garkida bayan girbi, su ga tsamiyar da aka yi sujada ta fari a gindinta. Amma surukinta, wanda tsoho ne mai tsoron Allah, ya ƙi yarda. Ya ce shi da hannunsa ya bar kai hadaya gindin itace sa'ad da ya karɓi bishara, don haka bai ga dalilin da zai sa jikokinsa su shiga mota su je kallon wani itace ba. Sai uwar ta ce mana, wa ke da gaskiya, ita ko Baba?

Tambayar nan ba ta wasa ba ce. Baba yana tsoron abin da ya cancanci a ji tsoronsa. Matan kuma suna neman abu mai kyau. Bari mu fara duba garin da kansa, sa'an nan mu ji abin da Littafi Mai Tsarki ya koya mana.

Hanyar zuwa

Wanda ya tashi daga Muchalla sai ya gangaro Mubi tukuna. Daga Mubi ya kama hanyar Mararraba, inda zai wuce ta Kwarhi. A nan ne hedkwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya take, wato EYN, tare da makarantar horar da fastoci wadda ke ɗauke da sunan Kulp. Ku riƙe sunan nan, za mu sake saduwa da shi. Daga Mararraba sai Hong, ƙasar Kilba, sai Gombi. A Gombi ne za a bar hanyar Yola a juya zuwa hanyar Biu. Garkida tana kan wannan hanya, a bakin kogin Hawul, dab da iyakar Jihar Adamawa da Jihar Borno. Garin mutanen Bura ne, sunansa kuwa a harshensu yana nufin dutsen gora.

Duniya tana da garuruwa irin wannan da masu bi suke ziyarta. A ƙasar Jamus akwai Witenbag, inda Martin Luta ya fito da batutuwansa 95 a shekara ta 1517, abin da ya zama mafarin ikkilisiyoyin Furotestan. A nan ƙasarmu akwai Numan, inda Dokta Niels Bronnum na ƙasar Denmak ya fara aiki a 1913, daga nan ne ikkilisiyar Lutaran ta LCCN ta tsiro. Akwai kuma Wusasa kusa da Zariya, wadda ake tunawa da ita tare da Dokta Walta Mila, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi aikin juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda ya fito cikakke a 1932. Garkida ita ce tamu ta kusa. Ko kai ba ɗan EYN ba ne, da wuya ka rasa wani a danginku da ya taɓa shan magani ko ya koyi karatu a hannun waɗanda aikinsu ya fara daga can.

Yadda abin ya fara

Ikkilisiyar 'Yan'uwa ba a Amurka ta fara ba. Ta fara a wani ƙauyen Jamus mai suna Shuwarzenau a 1708, sa'ad da mutum 8, a ƙarƙashin jagorancin Alekzanda Mak, suka shiga kogin Eda aka yi musu baftisma. Tsanani ya kore su daga ƙasarsu, suka ƙaura zuwa Amurka a 1719 da 1729. Suka tafi da al'adun da muka sani har yau: nutsar da mai tuba sau uku cikin ruwa, wanke wa juna ƙafa lokacin jibin Ubangiji, da ƙin ɗaukar makami.

Bayan shekaru wajen 200, ikkilisiyar ta aiko samari biyu zuwa Nijeriya, Stoba Kulp da Albat Helsa. Sun sauka Legas a watan Disamba na 1922. Nufinsu su zauna a Biu, amma hukumar Turawan mulki ba ta ba su izini ba. Sai aka bar su su zauna a Garkida. Ranar 17 ga Maris, 1923, da sassafe, kafin a fara haƙa harsashin gidansu na fari, suka tara ma'aikatan da za su yi ginin a gindin wata tsamiya. Suka karanta Maganar Allah, suka yi addu'a. Cikin abin da aka karanta har da Afisawa sura 2, inda manzo Bulus ya nuna cewa waɗanda dā baƙi ne yanzu sun zama 'yan gida, kuma Almasihu ne dutsen da ya riƙe ginin duka.

Sujadar ke nan. Babu majami'a, babu ƙararrawa, babu ƙungiyar mawaƙa. Yawancin waɗanda suka tsaya a wurin ba su san abin da ake yi ba, aikin lada ne ya kawo su. Tsamiyar ma ba don wani iko aka zaɓe ta ba. Inuwa ce kawai, irin wadda kowane manomi yake nema idan rana ta yi zafi.

Abin da mai ziyara zai gani

Bayan tsamiya, abu na biyu da ya kamata a nema shi ne kaburbura. Rut, matar Kulp, ta iso Garkida a ƙarshen 1923. A 1924 ta rasu bayan haihuwa, jaririn ma bai rayu ba. Mijinta bai tattara kayansa ya koma gida ba. Ya ci gaba da aiki a ƙasar nan har 1963, shekara 40 ke nan, ya rasu a 1964. Asibitin da aka gina a Garkida an sa masa sunan Rut domin tunawa da ita. Iyaye mata da suka taɓa binne ɗa za su gane nauyin wannan labari fiye da yadda za mu iya faɗa a rediyo.

Abu na uku shi ne Virgwi, kusa da garin, inda aka buɗe wurin jinyar masu ciwon kuturta a 1929. A zamanin nan wanda ciwon ya kama, sau da yawa danginsa sukan ware masa bukka da ƙwarya. A Virgwi aka karɓe su, aka wanke musu gyambo, aka ba su gona, aka koya musu karatu. Sun zo daga kabilu masu yawa, kowa da harshensa. Da waɗansu suka sami sauƙi suka koma garuruwansu, sai suka tafi da bishara a bakinsu. Ƙauyuka da dama sun fara jin sunan Yesu daga bakin ɗan garinsu wanda dā suka guje shi, tun kafin wani Bature ya taka ƙasarsu. Yau kuturta tana warkewa sarai da magani, maganin kuma kyauta ne, don haka kada kowa ya ɓoye mai ciwon a ɗaki.

Abu na huɗu shi ne kogin Hawul da mutanen da ke zaune a bakinsa. Shekara 4 aka yi ana wa'azi kafin a yi baftisma ta fari a 1927. Mutum 4 ne kawai, cikinsu akwai Risku Madziga da Pilesar Sawa. Su da waɗanda suka biyo bayansu ne suka zama malamai da masu bishara, suka bi ƙauyuka da ƙafa. Aikin ya kai Lassa a ƙasar Margi, ya kai Marama, ya kai Chibok a 1941, ya gangaro har kewayen Mubi. A 1972 ikkilisiyar ta tsaya da ƙafafunta a hannun 'yan ƙasa. Idan mun je Garkida muka ambaci Turawa biyu kaɗai, muka manta da waɗannan iyaye namu, mun faɗi rabin labari ne.

Akwai kuma abin da ba za mu ɓoye ba. Ranar 21 ga Fabrairu, 2020, 'yan Boko Haram sun shiga Garkida da yamma, suka ƙone majami'u da gidaje, har da majami'ar EYN. Mu mutanen ƙasar Mubi mun san irin wannan dare. A ƙarshen Oktoba na 2014 an ci Mubi da Kwarhi, jama'a suka watse cikin duwatsu, waɗansu suka ƙetare zuwa Kamaru da abin da ke jikinsu kaɗai. A watan Afrilu na 2014 kuma aka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar Chibok, yawancinsu 'ya'yan EYN ne. Duk da haka, a watan Maris na 2023 ikkilisiyar ta taru ta yi bikin cika shekara 100. Wanda ya je Garkida zai ga garin da ya sha wuta, masu bi kuma suna nan suna sujada.

Duwatsu goma sha biyu

Yanzu mu koma ga tambayar uwar nan. A Joshuwa sura 4, bayan Isra'ilawa sun haye Urdun a kan busasshiyar ƙasa, Allah ya umarta a zaɓi mutum 12, ɗaya daga kowace kabila, kowa ya ɗauko dutse daga tsakiyar kogin. Joshuwa ya kafa duwatsun a Gilgal. Ya kuma faɗi amfaninsu: wata rana yara za su gan su, su tambayi iyayensu ma'anarsu, iyayen kuma su ba su labarin abin da Ubangiji ya yi.

Mu lura da abu biyu. Na fari, Allah ne da kansa ya ce a kafa abin tunawa. Ya san halinmu. Mutum yakan manta da alheri da sauri, tsara ɗaya ta isa labari ya ɓace. Littafin Mahukunta sura 2 ya nuna haka ya faru: bayan Joshuwa da dattawan zamaninsa sun mutu, aka sami tsarar da ba ta san Ubangiji ko aikinsa ba. Na biyu, ba a ce a zuba wa duwatsun mai ko a yanka musu akuya ba. Aikinsu ɗaya ne, su sa yaro ya yi tambaya. Amsar tana bakin uba da uwa.

To, a nan matan zumunta suna da gaskiya. Yaranmu da yawa sun tashi sun tarar da majami'a a tsakiyar gari kamar yadda suka tarar da dutse da rafi. Suna tsammani tun fil azal take nan. Ba su san an taɓa korar wani daga gidan ubansa saboda ya je aji na baftisma ba. Yaron da ya tsaya a gindin tsamiyar nan, ya ga kabarin Rut, ya ga inda aka yi jinyar marasa lafiya, zai yi tambayar da bai taɓa yi a gida ba.

Macijin tagulla

Amma Baba ma yana da gaskiya, Littafi Mai Tsarki kuma yana bayansa. A Littafin Ƙidaya sura 21, Allah ya sa Musa ya ƙera maciji na tagulla ya rataye shi a kan sanda, domin wanda maciji ya sara ya dube shi ya rayu. Abu ne mai kyau, da umarnin Allah aka yi shi. Isra'ilawa suka adana shi shekaru ɗaruruwa. Sannu a hankali abin tunawa ya zama abin bauta, har suka riƙa ƙona masa turare. Da sarki Hezekiya ya hau gadon sarauta, sai ya farfashe shi, Littafin Sarakuna kuma ya yaba masa a kan haka.

Abin da ya faru da macijin tagulla zai iya faruwa da tsamiya. Idan muka ɗebo ƙasar gindinta muka ƙulle a tsumma domin mu sa a ƙarƙashin matashin kai, ko muka ɓare ɓawonta domin a jiƙa wa mara lafiya, ko muka ce addu'ar da aka yi a can ta fi wadda aka yi a ɗakin girki saurin isa sama, to mun koma gidan jiya, suna kawai muka sake. A Yohanna sura 4, matar Samariya ta tambayi Yesu ko a kan dutsensu ne ko a Urushalima ya kamata a yi sujada. Yesu ya nuna mata cewa lokaci ya yi da wuri ba shi ne abin dubawa ba, Uba yana neman masu yi masa sujada da ruhu da gaskiya. Allahn da ya ji addu'ar Kulp a Garkida yana jin addu'ar tsohuwa a Muchalla, ba sai ta biya kuɗin mota ba.

Don haka amsarmu ga uwar nan ita ce, ku je, amma ku je da kunne da baki. Kunne domin ku ji labari, baki domin ku maimaita shi. Kada ku dawo da ganye ko ƙasa. Ku kuma roƙi Baba ya bi ku idan ƙarfinsa ya kai, gama shi ne zai fi kowa iya tsare ku daga kuskuren da yake tsoro.

Harshen gida

Akwai darasi ɗaya a Garkida da ya shafe mu ƙwarai, mu da Hausa ba ita ce harshen da muka sha a nono ba. Kulp da Helsa ba su tsaya ga Turanci ko Hausa ba. Sun zauna sun koyi Bura, suka rubuta shi, har Bisharar Markus ta fito da harshen Bura a 1925, shekara 2 kacal bayan sujadar tsamiya, shekara 7 kuma kafin Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito cikakke. Da aikin ya kai Lassa, aka yi haka da Margi. Martin Luta ma abin da ya yi ke nan a 1522, sa'ad da ya juya Sabon Alkawari zuwa Jamusancin da talakawa ke ji. A ranar Fentikos, cikin Ayyukan Manzanni sura 2, abin da ya ba taron mamaki shi ne kowa ya ji ayyukan Allah da harshen garinsu.

Muna gode wa Allah saboda Hausa. Da ita muke magana da ku yanzu, ita ce ta haɗa Fali da Gude da Kamwe da Margi da Kilba da Bura a benci ɗaya. Amma mu tambayi kanmu, a gidaje nawa ne yara suke iya yin addu'ar cin abinci da Fali? Kaka tana da labarin yadda bishara ta shigo garin, amma da harshenta take iya ba da shi da daɗi, jikan kuwa ba ya ji. Idan kakar ta kwanta dama, labarin ya tafi tare da ita. Wannan hasara ce da babu ɗan bindigar da ya jawo mana, mu ne da kanmu.

Kowane gari yana da tasa tsamiyar. A Muchalla ma akwai inda aka fara taruwa, ko gindin itace ne, ko zauren wani, ko rumfar kara. Akwai wanda ya fara kawo Maganar, akwai waɗanda aka fara yi wa baftisma, akwai rafin da aka yi ta. Dattawan da suka san waɗannan abubuwa suna raguwa kowace shekara. Idan tafiya Garkida ba ta sa mun dawo mun tambaye su ba, kuɗin motar bai biya ba.

Shawara ga masu shirin tafiya

Ku shirya ta hannun fastonku da dattawan ikkilisiya, su sanar da shugabannin ikkilisiya a Garkida kafin ku tashi. Baƙon da aka san da zuwansa shi ne ake nuna wa gari.

Ku tambayi labarin hanya a makon tafiyar, ku yi tafiya da rana, ku kuma bi shawarar mutanen wurin. Idan aka ce a dakata, ku dakata. Tsamiya ba za ta gudu ba.

Lokacin rani bayan an gama girbi ya fi sauƙi. Ranar 17 ga Maris ita ce ranar tunawa da kafuwar aikin, ga wanda yake so ya haɗu da taro.

Kowace uwa ta tafi da yaro ɗaya aƙalla, a kuma ba wani matashi littafi da biro ya rubuta abin da aka ji.

Ku gaida mutanen gari duka da ladabi, Kirista da Musulmi. Kada mu zaɓi wanda za mu gaisar.

Kada ku je hannu wofi. Mutanen da aka ƙone wa majami'a da gidaje 'yan'uwanmu ne. Ko mudun gyaɗa ne ko ɗan abin baiko, ku kai.

Wanda kuma ba shi da halin tafiya, kada ransa ya ɓaci. Babu wata albarka da aka ajiye a Garkida wadda ba ta kai ƙofar gidanka ba.

Tambayoyi domin iyali

1. Wane ne ya fara kawo bishara garinmu, a ina kuma aka fara taruwa? Idan ba mu sani ba, wane dattijo za mu tambaya a wannan mako?

2. Mene ne bambanci tsakanin duwatsun Gilgal da macijin tagulla a zamanin Hezekiya?

3. Akwai wani abu a gidanmu da muke dogara gare shi fiye da yadda ya kamata, ko da sunan addini ne?

4. Yaranmu za su iya yin addu'a da harshenmu? Wace addu'a za mu fara koya musu a daren yau?

Mu yi addu'a

Ya Ubanmu na sama, mun gode maka saboda waɗanda suka bar ƙasarsu suka zo, da iyayenmu waɗanda suka karɓi Maganarka suka kai ta ƙauye ƙauye da ƙafa. Ka ta'azantar da mutanen Garkida, da na Chibok, da na Mubi, da dukan waɗanda har yanzu suna jiran nasu su dawo. Ka tsare mu daga mantuwa, ka tsare mu kuma daga bauta wa abin da hannu ya dasa. Ka buɗe bakinmu mu ba 'ya'yanmu labarin alherinka da harshen da ka ba mu. Ka kiyaye masu tafiya, ka kai su lafiya, ka komo da su lafiya. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.

Masu sauraro, a nan za mu tsaya yau. Uwarmu ta Muchalla, ki gaida Baba da kyau, ki ce masa mun ji gargaɗinsa mun kuma riƙe shi. Sai mako mai zuwa a daidai wannan lokaci, idan Ubangiji ya bar mu da rai. Salamar Allah ta kasance tare da ku duka.